Yadda Mai Aski Zai Koma Birnin Bakin Teku Mai Tsada Ba Tare da Haya Ta Cinye Shi Ba

Tambayar da masu aski suka fi turowa a 'yan kwanakin nan kusan iri ɗaya ce. Mutum yana da hannu, yana da mutanensa a inda yake, sai ya ji cewa a wani babban birni na bakin teku kuɗin aski ɗaya ya ninka nasa sau biyu ko uku. Yana son komawa. Ta ina zai fara, nawa zai tara, kuma me zai fara nema in ya sauka?

Akwai abu ɗaya da duk lissafin ya rataya a kansa. Ma'aikacin da aka yi wa canjin wurin aiki albashinsa na biye da shi. Mai aski kuwa abincinsa na kan mutanen da suka saba da hannunsa, su kuma ba za su bi shi ba. Ranar da ka sauka haya za ta fara cin ka a cike, ciniki kuma daga farko za ka faro shi. Matakan nan duka don rage tazarar da ke tsakanin waɗannan biyun ne, kuma jerinsu na da muhimmanci: kujera kafin ɗaki, takarda kafin kujera, lissafi kafin komai.

1. Yi lissafi da kawuna, ba da kuɗi ba

Kuɗin wani gari yana ruɗar ido. Ka ji farashin aski ka yi murna, ka manta cewa mai gidan haya ma a garin yake. Don haka ka mayar da komai zuwa kai, wato adadin mutanen da za ka yi wa aski kafin ka biya abu.

Nemo abu uku daga garin: kuɗin aski na yau da kullum a irin shagon da zai ɗauke ka, kason da ke shiga aljihun mai aski, da hayar ɗaki mafi sauƙi da za ka iya zama a ciki. Ga misali. A ce hayar wata ta yi daidai da kuɗin aski 60, kai kuma rabi kake samu a kowane kai. Ke nan sai ka yi wa mutum 120 aski kafin ka biya haya kaɗai. In kana aiki kwana 24 a wata, kai 5 ke nan a kullum na mai gida ne. In kuma kana son haya ta tsaya a kashi ɗaya cikin uku na abin da kake samu, sai ka yi kai 15 kullum. Aski mai kyau na cin minti 30 zuwa 40, don haka kai 15 awa bakwai da rabi ne zuwa goma a tsaye, babu ratar ko mutum ɗaya. Wannan ɗakin ya fi ƙarfinka, ko da a ido kuɗinsa bai yi yawa ba.

Abin da wannan lissafi ke tona wa shi ne sana'ar tana da iyaka. Hannu biyu gare ka da awoyin yini ɗaya. Haya na iya tashi yadda ta ga dama, amma kawunan da za ka iya taɓawa a rana ba sa ƙaruwa.

Gargaɗi: kada ka yi lissafi da farashin shagunan unguwar masu hannu da shuni da kake gani a Instagram. Waɗannan ba sa ɗaukar baƙon da ba su sani ba a watansa na farko. Kada kuma ka sa ihsanin kwastoma a ciki sai ka tabbatar da al'adar garin. A Amurka ana ƙara kashi 15 zuwa 20 cikin 100 a kan kuɗin aski, a Japan kuwa ba a ba da komai.

2. Takardu

Wannan shi ne matakin da ya fi cin lokaci, shi ya sa ake fara shi tun kana gida. Dokar aski ta bambanta ƙwarai daga wuri zuwa wuri. A Amurka kowace jiha da lasisinta, kuma na wata jiha ba ya aiki a wata kai tsaye. Kalifoniya, alal misali, tana neman awa 1,000 na karatu a makarantar da aka amince da ita tun daga 2022, sannan jarrabawa. A Ingila doka ba ta tilasta wa mai aski riƙe lasisi na ƙasa ba, sai dai wasu ƙananan hukumomi na neman a yi wa shagon rajista. A Jamus kana iya aiki a ƙarƙashin wani, amma buɗe shagon kanka na buƙatar takardar shaidar ƙwarewa ta babban gwani, ko ka ɗauki mai ita. A ƙasashen yankin Gulf bizar aiki na ɗaure da wanda ya ɗauke ka, akwai gwajin lafiya, kuma yin aiki a wani shago ba da izini ba laifi ne.

Ka tambayi hukumar da ke ba da lasisin da kanta, ta shafinta ko ta waya, abu huɗu: ana karɓar shekarun da ka yi kana aiki a madadin karatu, nawa ne kuɗin, wata nawa ake jira, kuma za ka iya aiki a ƙarƙashin wani yayin da kake jiran. In amsar ta ƙarshe a'a ce, duk watannin jiran sai ka ƙara su a kan guzurinka.

Gargaɗi: bizar yawon buɗe ido ba ta aiki ba ce, komai daɗin bakin wanda ya ce maka "kowa haka yake yi". Duk dillalin da ya ce ka biya shi kafin ka ga takardar ɗaukar aiki mai sunan shago da adireshinsa, ka rabu da shi. Fasfonka kuma ya zauna a hannunka. A Haɗaɗɗiyar Daular Larabawa ma doka ta hana mai aiki riƙe fasfon ma'aikacinsa.

3. Bar wa cinikinka sawu a takarda

Yawancin masu aski kuɗi a hannu suke karɓa, su kashe a hannu. A garin da kowa ya san ka hakan ba matsala. A birni mai tsada mai gida ba ya tambayar ko ka iya aski, takardar banki yake tambaya. A New York an saba neman abin da kake samu a shekara ya kai ninki 40 na hayar wata, wasu wuraren kuma suna neman kuɗin wata ya ninka haya sau uku.

Wata shida kafin tafiya, ka riƙa zuba cinikin kowane mako a asusunka na banki, sannan ka cire abin da za ka kashe. Ka riƙe littafi: kwanan wata, kai nawa, nawa ya shigo. Ka karɓi wasiƙa daga mai shagon da kake aiki mai nuna shekarun da ka yi. A cikin watannin nan ne kuma za ka tara hotunan aikinka, da izinin masu kan, a wuri mai haske, gaba da gefe da ƙeya. Hoto 20 masu tsabta sun fi 200 da aka ɗauka a duhu.

4. Je ka gani, ka samo kujera

Zuwa da kai ya fi saƙo. In garin na isuwa gare ka, ka je na mako ɗaya kafin ƙaurar gaskiya, ka haɗa da ranakun tsakiyar mako da na ƙarshensa. Aikinka a makon nan shiga shaguna ne. Ka zauna a yi maka aski ko gyaran fuska ka biya, idonka na kan abin da ke gudana. Kujera nawa ce, nawa ke da mutum a kai? Mutane na shigowa haka kawai daga titi, ko kowa da wanda ya zo nema? Wannan tambaya ta biyu ita ce mafi nauyi a wurinka. Shagon da kowane kwastoma ke da nasa mai aski zai bar ka kana kallon madubi yini guda, komai kyan wurin. Kai shagon da ƙafa ke wucewa kake nema: kusa da tashar jirgin ƙasa ko ta bas, kusa da jami'a, asibiti, ko tashar jiragen ruwa.

Ka lura da irin gashin da ke shigowa. Birnin bakin teku matattarar jinsi-jinsi ne. Wanda ya ƙware a kilifa a kan gashi mai murɗiya zai iya daburcewa in aka zaunar masa da mai gashi mai santsi da ke son aikin almakashi, haka ma akasin haka. In akwai inda hannunka bai faɗa ba, ka koye shi tun kana gida inda kuskure ba zai kore ka daga aiki ba.

In shago ya kwanta maka, ka nemi mai shi a lokacin da babu cunkoso, ka nuna hotuna, ka ce a gwada ka na yini ɗaya. Masu shago sun fi yarda da abin da suka gani a kan mutum. Ka yi ƙoƙari ka dawo da alkawari biyu, don ɗaya na iya sauya magana kafin ka iso.

Gargaɗi: ka tambayi yadda ciniki yake a watannin da baƙi ba sa zuwa. Garin da ke cika da masu yawon shaƙatawa a wani lokaci na shekara yana iya yin tsit a wani. In ka je gani a lokacin cika, abin da ka gani ba shi ne na shekara ba. Lokacin sauka mafi kyau shi ne dab da fara cikar, don watanninka na farko su faɗa cikin kasuwa.

5. Zaɓi tsarin biya

Hanya uku ce: albashi, kamasho, ko hayar kujera.

Albashi ya fi ƙanƙanta amma shi ne ke ba ka takardar da mai gida zai karɓa. Kamasho raba kuɗin kowane kai ne tsakaninka da shago, rabi da rabi ko 60 da 40. Hayar kujera kuwa kana biyan wani tsayayyen kuɗi a mako, sauran duka naka.

Masu hannu da yawa suna ɗokin hayar kujera saboda suna ganin ita ce 'yanci. Ga baƙo, a ganina, ita ce hanya mafi sauri ta ƙarar da guzuri, domin haya biyu ke nan a kanka, ta ɗaki da ta kujera, kuma babu wadda ta damu da ko an zauna maka. Ga yadda za ka gane lokacin da ta fara biya. In hayar kujera a mako ta kai kuɗin aski 20, kamasho kuma rabi ne, to a kai 40 a mako ne suke yin kunnen doki. Ƙasa da 40 kamasho ya fi maka, sama da 40 kujera ta fi. Tunda a hayar kujera reza da mai da tawul da maganin wanke kaya duk a kanka suke, ka ɗaga lambar zuwa 45 ko 50, kuma ka ga ka riƙe ta wata biyu a jere kafin ka sauya.

Ko wanne ka zaɓa, a rubuta: kaso nawa, ranar biya, wa ke sayen kaya, yadda ake raba masu shigowa daga titi, na wa ne ihsanin da aka biya ta kati, da kwana nawa za a ba juna kafin rabuwa. Ka karanta ko akwai sharaɗin da ya hana ka aiki a wani shago na kusa in ka bar su.

Gargaɗi: a kamasho da hayar kujera sau da yawa ana ɗaukar ka mai zaman kanka, wato haraji kai za ka biya da hannunka. Ware kashi ɗaya cikin huɗu ko biyar na kowane ciniki a wani asusu daban har ka san ainihin abin da ke kanka.

6. Guzuri

Kashi uku ne, kada a cakuɗa su. Na farko kuɗin shiga ɗaki: hayar farko, kuɗin ajiya, la'adar dillali. Wannan ya danganta da garin ƙwarai. A Ingila tun 2019 kuɗin ajiya ba ya wuce hayar mako biyar a yawancin gidaje. A Kalifoniya tun Yulin 2024 yawancin masu gidaje ba za su karɓi fiye da na wata ɗaya ba. A Akra, babban birnin Ghana, dokar haya ta 1963 ta tsayar da kafin alƙalami a wata shida, amma a aikace ana neman shekara ɗaya ko biyu. Saboda haka ka tambayi doka, ka kuma tambayi abin da ake yi.

Na biyu kuɗin rayuwa na wata uku cur kamar ba za ka samu ko kai ɗaya ba, wata huɗu zuwa shida in da iyali a wuyanka. Na uku kuɗin komawa gida. Wannan ba a taɓa shi, ba a ba da aronsa, ba a sayen sabuwar kilifa da shi.

7. Masauki

Kada ka sa hannu a yarjejeniyar shekara tun daga nesa. Ka nemi wurin wata ɗaya ko biyu, ɗaki a gidan da ake rabawa ko wurin wani da ka sani, da sharaɗin da aka faɗa a fili na yaushe za ka tashi da abin da za ka riƙa bayarwa. A cikin wannan lokacin za ka tabbatar kujerar ta zauna, sannan ka nemi ɗaki a kewayenta.

A irin waɗannan birane haya na sauka ne yayin da kake nisa da ruwa da tsakiyar gari, kuɗin mota da lokacin hanya kuma suna hawa. Su ma ka mayar da su kai. Awa biyu a hanya kullum kai uku ne ko huɗu da ba ka yi ba, ga gajiyar ƙafa ga mutumin da zai wuni a tsaye. Ɗakin da ke kan layin jirgi ko bas ɗaya zuwa shago, ƙasa da minti 45, ya fi mai araha da sai ka canza mota uku. Ka duba kuma ƙarfe nawa motar ƙarshe ke tashi, domin cinikin aski da yamma yake, bayan mutane sun tashi daga aiki.

In ka je duba ɗaki, ka kalli ƙasan bango. Layin da ruwa ya bari, fenti mai kumbura, warin danshi, baƙin tabo a kusurwa, duk suna gaya maka abin da dillali ba zai faɗa ba. Ɗakin ƙasa a unguwa mai kwari yana da araha ne saboda dalili. Ka tambayi maƙwabta inda ruwa ke kaiwa in an yi mamako.

Gargaɗi: ba a biyan ko sisi kafin ka shiga ɗakin da ƙafarka, ka ga mai shi ko takardar da ta ba wakilinsa iko. Hoton ɗaki mai kyau da farashi ƙasa da na unguwar, tare da labarin mai gida ya yi tafiya a turo kuɗi a aiko da makulli, tsohuwar damfara ce. Ranar shiga ka ɗauki hoton kowane lungu don kuɗin ajiyarka.

8. Kayan aiki

Ka tafi da abin da hannunka ya saba da shi: kilifa biyu, ƙaramar na'urar gyaran fuska, almakashi, aska, mataji, buroshi, mayafi. Kujera da madubi da sauran kaya masu nauyi ka sayar.

Duba wutar garin kafin ka cusa filogi. Amurka da Kanada na kan 120V (ƙarfin wuta) da 60Hz (saurin bugunta), Turai da yawancin Afirka da Ostareliya na kan 220 zuwa 240V da 50Hz, Japan na kan 100V. Yawancin masu caji suna karɓar 100 zuwa 240V, kuma an rubuta a jikin cajar. Matsalar na ga kilifa mai waya irin mai injin maganaɗisu, wadda bugunta ke bin bugun wutar. In an ƙera ta don 60Hz ka kai ta inda ake 50Hz, ko ka sa mata tiransifoma za ta riƙa ƙara da zafi, yankan kuma ba zai yi daidai ba. Irin wannan gara ka sayi ta garin.

In jirgin sama za ka hau, aska da reza da dogon almakashi a babbar jaka suke tafiya, batiran da ba sa jikin na'ura kuma a jakar hannu.

Sai maganar da masu zuwa daga busasshen wuri ba sa zato: iskar teku na ɗauke da gishiri da danshi, kuma tana cin ƙarfe. Bakin kilifar da ya shekara lafiya zai iya fara tsatsa cikin makonni. Bayan kowane kai ka kakkaɓe gashi, ka ɗiga mai a haƙoran. Da dare ka goge almakashi da aska su bushe, ka shafa musu mai kaɗan, ka rufe su a akwati tare da 'yan ƙullin nan masu shan danshi da ake samu a kwalin takalmi. Maganin kashe ƙwayoyi irin Barbicide minti 10 yake buƙata kayan na nutse a ciki. Kada ka rage, domin ƙwayar cutar hanta nau'in B na iya kai kwana bakwai a raye a jikin ƙarfe. Kada kuma ka bar su su kwana a ciki, tsatsa za ka tarar.

9. Wata ukun farko

Gashi na tsiro kamar santimita ɗaya a wata, mai gajeren aski kuma yana dawowa bayan mako biyu zuwa huɗu. Mutum ba ya zama naka sai ya zauna maka sau uku. Shi ya sa ake cewa wata uku, babu yadda za ka gaggauta shi.

Ka karɓi lokutan da tsofaffin ma'aikata ba sa so: sassafe, dare, ranar hutu. A nan masu shigowa daga titi za su faɗo hannunka. Duk wanda ka gama wa, kafin ya tashi ka gaya masa sunanka da ranakun da kake nan, ka tambaye shi ko a ajiye masa lokaci. Ka rubuta lambar matajin kilifar da ka yi masa amfani da ita da yadda yake son gemunsa. In ya dawo ka fara ba tare da ya sake bayani ba, ka gama kama shi.

Kada ka karya farashi don jawo mutane. Abokan aikinka za su tsane ka, kuma wanda araha ta kawo araha za ta ɗauke shi. Kada ka taɓa kwastoman wani sai shi ya miƙo maka. Askin gida-gida a ranar hutu na kawo kuɗi mai kyau, amma ka tabbatar lasisinka da yarjejeniyarka sun yarda da shi.

10. Ranar duba littafi

Tun kafin ka tashi ka sa rana, ƙarshen wata na uku, ka kuma rubuta lambar da kake son gani. A ranar ka buɗe littafi ka duba abu biyu: kai nawa kake yi a mako, kuma nawa ne daga ciki waɗanda suka dawo da sunanka a baki.

In ciniki na biyan haya da abinci da mota ba tare da ka taɓa guzuri ba, ka nemi ɗakin dindindin. In yana hawa amma bai kai ba, ka ƙara wata biyu a masaukin wucin gadi. In ya tsaya cik alhali kana zuwa kullum, yawanci matsalar shagon ce, sai ka koma wa alkawari na biyu da ka samo a mataki na huɗu. In kuwa guzurin rayuwa ya ƙare saura kuɗin komawa, ka yi amfani da shi a kan abin da aka ajiye shi dominsa, kada ka ci bashi don biyan haya.

Iyali kuma su biyo baya ne bayan ka yi wata uku a jere kana biyan komai daga aljihun aski, kuma ka sake lissafin mataki na ɗaya da hayar ɗakin da zai ɗauke ku duka, da kuɗin makaranta da na asibiti a ciki.